Tuwon Hauya

Shekarar da aka kawo ni Dogon Dutsi aikin tafinta ban cika ashirin da biyar ba, amma girman kaina ya kai na ɗan sittin. Na fito lakwal, wato makarantar boko, da faransanci a baki, da malafar Nasara a ka, da takalmi mai ƙara wanda tun daga nesa yake gaya wa mutane ga ni nan tafe. Aikina shi ne in tsaya tsakanin kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, da mutanen gari. Ya faɗa in juya, su faɗa in juya. Gidanmu yana Kore Mairuwa, ba wata uwa duniya ba ce, amma a zamanin da jaki ne motar talaka ba wurin da mutum zai je cin tuwo ya dawo biro, wato ofis, ba ne. Aure kuwa ban yi ba. Gwauro nake, ko tuzuru in ana so a ci mini mutunci, mai ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya da wata tukunya da mahaifiyata ta ba ni wadda ba ta taɓa ganin wuta ba.

Duk gwagwaren garin uwa ɗaya gare mu, ita ce Inna mai tuwo. Rumfarta tana bakin kasuwa ƙarƙashin wani gawo, gidanta kuma yana bayan rumfar, dangar kara ce kawai tsakani. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, damtsenta ya yi tauri saboda tuƙi. Tuwon gero take yi da miyar kuka, wata rana busasshiyar kuɓewa, ta zuba man shanu daidai yadda ta ga fuskarka ta yi mata. Masu ci a wurinta su ne mu da ba mu da mai ɗora mana tukunya: ma'aikatan bariki da aka kawo daga wasu garuruwa, fatake, gardawa masu gadin kumandan, da Fulanin da suka shigo gari da shanu. Har likitanmu, wani dogon mutumin Dahome mai Hausa a karye, a nan yake ci. Wasu su zauna a rumfa su haɗa hannu a akushi ɗaya, wasu su kawo kwano a zuba musu su tafi gida.

Ni da Inna mun soma da saɓani tun ranar farko. Na zauna, aka ajiye mini tuwo, sai na zaro cokali daga aljihu na goge shi da hankici. Inna ta dube ni tun daga malafa har takalmi, ta tambayi gardin da ke kusa da ni ko yatsun ɗan nan ciwo suke yi ne, in haka ne ta san mai magani. Aka kwashe da dariya. Daga ranar nan ba ta ƙara kirana da komai ba sai Mushe Cokali, wato Malam Cokali da faransanci, yaran kasuwa ma suka ɗauka. Tuwonta na ci gaba da ci, don babu irinsa a garin, amma na riƙe ta a zuciya. Ina faɗin wannan ne don a gane abin da ya biyo baya, ba don ina alfahari da shi ba.

Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, sankarau ya shigo ƙasar. Ya fara daga ƙauyukan yamma, muna jin labari, sannan ya iso unguwar da ke gindin dutsi. Mutum ya kwana lafiya, da hantsi ya ce kansa, kafin la'asar wuya ya ƙage. Masu bori suka ce doguwa ce ta fusata, malamai suka ce a yi sadaka da addu'a, likita kuma ya sa aka kafa rumfuna a bayan gari ya ware marasa lafiya. Tsoro ya kama kowa, ni ma har da ni da malafata.

Wata safiya kumandan ya kira ni, ya karanta mini takardar da ya sa wa hannu. Kasuwa ba za ta ci ba har sai ciwo ya lafa. Hanyoyin shiga da fita an rufe. Ba kiɗa, ba biki, ba wasan bori, ba duk wani abin da ke tara jama'a. Ya ce in gaya wa sanƙira ya zaga gari da shela, ya shige ciki abinsa. Na fito na sami sanƙira, wani tsoho mai shelar fada, yana jira a inuwa da 'yar gangarsa. Na juya masa takardar tsaf. Ya maimaita sau biyu don ta zauna masa, sannan ya ɗaga kai ya ce, “Mushe, masu tuwo-tuwo hwa? Har su?”

Takarda ba ta ce komai a kan masu tuwo ba. Abin da ya kamata shi ne in koma ciki in tambaya, taku goma ne. Amma komawa na nufin in nuna wa kumandan akwai abin da ban gane ba, in kuma nuna wa tsohon nan ba kome na sani ba. Ga kuma Mushe Cokali da ke cina a rai. Sai na gyara malafa na ce har su, ko tukunya ɗaya kada a ɗora don sayarwa. Sanƙira ya rataya ganga ya tafi, kafin azahar garin duka ya ji.

Ranar farko na kwana da daɗin rai, ina cin guntun ƙuli-ƙulin da ya rage mini ina tunanin fuskar Inna. Rana ta biyu ƙuli-ƙuli ya ƙare. A nan na fara lissafin da ya kamata in yi tun farko. Hanyar Kore Mairuwa a rufe take, mahaifiyata ba ta da yadda za ta aiko mini ko dambu. Gidajen da a da za ka yi sallama a ce bisimilla, yanzu kowa ya ja ƙyaure, ba don rowa ba, don tsoron abin da baƙo zai shigo da shi. Masu aure suna cin tuwonsu safe da yamma, hayaƙi na tashi daga kowane gida sai ɗakunan gwagware. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa, ni kuwa na ɗebo har da na maƙwabta.

Rana ta uku muka taru a ɗakina, don ni ke da tukunya. Gardawa biyu, wani mai aikin waya, fatake biyu da rufe hanya ta rutsa da su, da wani Bafulatani dattijo da ya shigo sayar da sa aka rufe shi a ciki. Muka ari turmi a maƙwabta. Ban san daka aiki ne ba sai ranar. Taɓarya ta ƙi bin hannuna, gero na tsalle yana fita, kaji suna yi mana godiya. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman danga suna ba mu shawara, kowace shawara da dariyarta. Abin da muka sauke a ƙarshe, sama ruwa ne, tsakiya gudaji, ƙasa gawayi. Miyar kuwa gardin da ya kaɗa ta ya rantse haka uwarsa ke yi, muka yi wa uwar tasa addu'a. Duk da haka muka durƙusa mu bakwai, kai da kai, gwiwa da gwiwa, a ɗakin da ko taga ba shi da ita, muka suɗe tukunya. Yunwa, a ba ki a huta. Ba wanda ya san ni na jawo mana, suna ta zagin Nasara ina taya su da gyaɗa kai.

Haka muka yi kwana shida. Ran na bakwai da hantsi, ina wucewa ta bakin kasuwa zuwa biro, na ji an ce daga bayan danga, “Mushe Cokali, tsaya nan.” Na tsaya. Kasuwa fayau, ba kowa sai awaki a kan tebura. Ta cikin ramin danga na hangi murhun Inna, duwatsu uku a sanyaye, kaza ta kwanta a cikin toka. Jikokinta biyu suna zaune a gindin rumbu. Sai daga baya na ji cewa 'ya'yan ɗiyarta ne da ta rasu, kuma tukunyar nan ta bakin kasuwa ita ke ciyar da gidan duka.

Ta ce, “Kai ka karanta takarda. Mi tac ce?”

Na ce ta ce kasuwa ba za ta ci ba.

Ta ce, “To, na ji. Kasuwa anka hana ma ci. Mutane hwa, su ma an hana su?”

Na fara kame-kame, ina cewa ai maganar Nasara tana da zurfi, faransanci ba kamar Hausa ba ne. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce gobe da safe za ta hau bariki ta ji daga bakin mai takardar, kuma tunda ba ta jin yarensa, ni zan tsaya in juya. Ta ƙara da cewa ta lura wandona ya fara neman igiya.

Yinin nan ban yi aikin kirki ba. Tafinta yana da zunubi ɗaya da ba a yafewa, shi ne ya sa wa kumandan magana a baki. Wanda na gada a aikin abin da ya kore shi ke nan. In Inna ta ce sanƙira ya hana su ɗora tukunya, kumandan zai tambayi wa ya ce, kuma amsar tana tsaye a gabansa da malafa. Na ga kaina na koma Kore Mairuwa ina kiwon awaki da faransanci. Shaiɗan kuma ya nuna mini hanya mai sauƙi: ita ba ta jin faransanci, shi ba ya jin Hausa, ni kaɗai ne gada. Sai in juya maganarta yadda na so, in ce tsohuwa ce ta zo roƙon a buɗe kasuwa, ya ce a'a, ta koma, murhu ya ci gaba da sanyi, ni kuma in ci gaba da tafinta. Na yi niyyar haka, ba zan ɓoye ba.

Da safe ta iso da lulluɓinta na zuwa suna. Kumandan yana zaune a baranda, likita yana tsaye gefe ya kawo bayanin marasa lafiya. Likitan ya rame shi ma, don kwana bakwai ke nan yana rayuwa a kan gyaɗa da ruwan shayi. Inna ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce ta ji an hana kasuwa ci, ba ta da ja. Amma akwai mutane a garin nan da ba su da mata, ba su da uwa kusa, kuma an hana ta dafa musu. Tana so ta ji dalili.

Na buɗe baki zan yi ƙaryar da na shirya, sai idona ya sauka a kan hannuwanta. Ta ɗora su a gwiwa, duk tabon wuta da kanta, hannuwan da shekara guda ke nan suna ciyar da ni, kuma ba su san zaman banza ba sai da na sa su. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na juya maganarta yadda ta faɗe ta, kalma da kalma. Kumandan ya ɗaga gira ya ce shi kasuwa ya rufe da taro, wa ya yi maganar dafa abinci? Na cire malafa na ce ni ne. Na ce an tambaye ni, ban dawo na tambaya ba, na ƙara da bakina.

Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Bai kai ga magana ba Inna ta ce, “Mi kac ce mai? Juya mani ni ma, ai aikinka na.” Dole na sake faɗin laifina da Hausa, a gaban gardawan ƙofa biyu waɗanda jiya muka suɗi tukunya tare. Ɗaya ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɓarawon akuya. Inna ta gyaɗa kai kawai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani.

Kumandan ya wanke ni tas, ya ce in na ƙara ko da wasali ɗaya a maganarsa nan gaba, in nemi hanyar garinmu. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Likita ya matso ya ce shi kam, tunda an tambaya, tafinta ya yi daidai ko da bisa kuskure ne. Ya ce ciwon nan numfashi yake bi. Rumfar Inna kuwa ya san ta, ai a can yake ci: mutum goma a tabarma ɗaya, hannu biyar a akushi ɗaya, wannan ya yi tari wancan ya yi atishawa, fatake daga gabas, makiyaya daga arewa. Ya ce yunwar kwana kaɗan ba ta kisa, amma shi ya san abin da yake rufewa a bayan gari kowace safiya. Maganar gaskiya, ban ga abin da za a ce masa ba, kuma mutumin yana faɗa cikinsa na ƙugi muna ji.

Na juya wa Inna. Sai ta yi maganar da har yau nake jin ta a kunnena.

“Gaya ma likita bai hi ni sanin ciwon ga ba. Ɗiyata yak kashe, ni niw wanke ta da hannuna. Ba ni son shi ga ɗan kowa. Amma shi tahi ɗakinka da la'asar shi gani. Da can suna zama rumhwata iska na bugun su. Yanzu kun cushe su ɗaki guda ba taga, suna hura ma juna numhwashi bisa tukunya guda. Wane taro ya hi wanga?”

Likita ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce mu bakwai ne, jiya ma mun zama tara. Ya dafe kai. Aka shiga ja-in-ja, ni a tsakiya ina juyawa har maƙogwarona ya bushe. Likita ya ce in za a yarda, to ba zama a rumfa, ba haɗa akushi, kowa ya zo da kwanonsa ya koma ɗakinsa ya ci shi kaɗai. Inna ta ce wannan mai sauƙi ne, dama masu zama su ke cinye mata yaji. Ya ce kuma kada mai saye ya matso kusa da ita ko da ɗan'uwansa, sai da tazarar metir biyu. A nan na tsaya cak. Inna ba ta san metir ba, ni kuma yanzun nan aka gama yi mini kashedi a kan ƙari. Na waiga, sai na ga hauyar mai gyaran lambun bariki jingine da bango, irin tamu ta Arewa mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye. Na ce mata tsawon ƙotar hauya. Nan take kuma na juya na gaya wa kumandan abin da na ce, don kada a sake kama ni. Ya dubi hauyar, ya dubi likita, likita ya ɗaga kafaɗa ya ce ta ma fi.

Amma likita bai saki ba. Ya ce to ta yaya za ta miƙa wa mutum kwano daga wannan nisa, hannunta na roba ne? Inna ta ce wannan kuma ba matsalar likita ba ce, shi dai ya zo gobe da kwanonsa. Kumandan ya ce a gwada na mako ɗaya, in likita ya ga cunkoso a rufe. Hukuncina kuwa shi ne in bi sanƙira mu zaga gari, shi ya buga ganga, ni in yi gyaran shelar da bakina. Na zaga Dogon Dutsi unguwa-unguwa cikin ranar nan ina cewa masu tuwo su ɗora tukunya, kuskuren tafinta ne. Sanƙira bai taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba, duk inda na yi ƙasa da murya sai ya ce mutanen bayan danga ba su ji ba, in ƙara.

Washegari da la'asar hayaƙi ya tashi daga gidan Inna, na rantse har ƙamshin daddawa ya iso bariki. Muka ɗunguma da kwanoninmu. Rumfa a rufe take, amma ta ja layuka a ƙasa da toka, kowane layi da tazararsa, kowa ya tsaya a kan nasa. Can sai ga hauya ta leƙo ta saman danga, an ɗaura mata ragaya a baki, irin wadda ake rataya ƙwaryar nono. Ashe ta aika an karɓo ta wurin ƙanenta, tunda ba lokacin noma ba ne. Ka sa kwanonka a ragaya, hauya ta koma ciki, ka ji ƙarar mara da ludayi, hauya ta dawo da tuwo yana tururi. Kuɗi kuma ka jefa a wata ƙwarya mai ruwan toka da ta ajiye a gindin danga. Wanda ke kan layin farko shi ne likita. Ya zo da sandar awonsa, ya auna ƙotar da gaske, sannan ya ajiye sandar ya miƙa kwano mafi girma a layin.

Kwanakin farko an yi ɓarna. Hauya ba ta saba da miyar kuɓewa ba, in ta karkata sai miya ta bi ƙota ta koma wa mai ita. Wani gardi ya ɗaga kai yana kallon tuwonsa na saukowa, ya karɓi rabin miyar a gemu. Dattijon Bafulatanin nan ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin an yi noma an girbe tuwo a dafe ba sai a Dogon Dutsi. Kafin mako ya cika hannun Inna ya faɗa, tana juya hauyar nan ko ɗigo ba ya zuba, sauran masu tuwo da masu fura ma duk suka aro hauyoyin mazansu. 'Yan gari suka sa wa ta Inna suna Doguwa, suna cewa doguwar da ta kawo ciwo ta gamu da doguwar da ke kawo tuwo. Mako ya cika, likita bai ce a rufe ba, kumandan bai tambaya ba. Taron ɗakina ya watse, tukunyar mahaifiyata ta koma kusurwa da tabon da ba ta rabu da shi ba har ta fashe.

Ni kullum a layin ƙarshe nake tsayawa, don gardawa sun ce wanda ya kashe wuta ba ya riga kowa cin tuwo. Inna ba ta taɓa rage mini ba, man shanu ma ba ta hana ni ba. Magana ce dai ba ta yi mini.

Da ruwan farko ya sauka ciwo ya lafa, kamar yadda ya saba. Aka buɗe hanyoyi, kasuwa ta ci, ranar har da kiɗa. Hauyoyi suka koma gona inda aka fi bukatarsu. Inna ta buɗe rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, na zo da kwanona cikin jama'a ina murna komai ya wuce. Ta zuba wa na gabana ta miƙa masa hannu da hannu. Da aka zo kaina sai ta sunkuya, ta jawo wata tsohuwar hauya mai karyayyen baki daga bayan tukwane, da ragayarta a ɗaure, ta miƙo mini daga nesa. Na ce Inna, ai sankarau ya wuce.

Ta ce, “Sankarau ya wuce. Ciwon bakinka ne likita bai ce ya warke ba.”

Rumfa ta ɗauki dariya har da masu tari. Na sa kwano a ragaya, me zan yi. Haka muka yi damina duka. Kowa hannu da hannu, Mushe Cokali ta bakin hauya. Baƙi in sun gani sai su ja da baya su tambaya ko wani ciwo gare ni, a ba su labari tun daga farko, kowane mai ba da labarin da irin gishirinsa. Da fari abin yana yi mini zafi, daga baya na saba har nakan miƙa kwano sama tun kafin ta jawo hauyar. Amma can ƙasan raina ina so ƙwarai matar nan ta yafe mini, fiye da yadda nake son yabon kumandan.

Bayan kaka, wata rana kumandan ya ba da umarni a hana dabbobi sha a rijiyar tsakiyar gari, ya shige ciki cin abincin rana, lokacin da ba ya son ko ƙuda ya dame shi. Na juya wa sanƙira. Tsohon ya maimaita sau biyu, ya ɗaga kai ya ce, “Jakkan masu ɗibar ruwa hwa? Har su?” Na san amsar da hankali zai bayar, kuma ina jin da na faɗe ta da ta yi daidai. Na ce masa ya jira. Na ƙwanƙwasa ƙofa, na sha harara da faɗa, na samo amsa daga bakin mai ita, na kawo masa. Ban ɗauke shi wani abu ba, na koma kan takarduna. Na manta cewa sanƙira ba ya iya riƙe labari, aikinsa ke nan.

Da la'asar na je rumfa, na ɗaga kwano sama yadda na saba. Inna ta dube ni, ta goge hannu a zane, ta taso da kanta ta zagayo tukwane. Ta karɓi kwanon daga hannuna, ta zuba tuwo, ta kwarara man shanu har ya taru a gefe, ta dawo ta ɗora mini shi a tafin hannu biyu, ba ta saki nan da nan ba.

“Karɓi, ɗana,” ta ce. “An ce yau ka koma ka tambaya.”

Na nemi gefen tabarma na zauna, na wanke hannu a ƙwaryar da kowa ke wankewa, na gutsuro loma. Cokalin yana aljihuna, a can ya yini. Tsohuwar hauyar kuwa washegari na gan ta a murhu, ƙotarta na ci a ƙarƙashin tukunyar miya.